Gida Shida

Kawu Sallau bai bar mini gona ba.
Kwale-kwale ya bar mini a bakin dam ɗin Daberam,
da batirin mota guda, baƙi, mai nauyin ɗan maraƙi,
da farantin sola da ƙanƙara ta tsaga wa kunne.
Kar ku yi mini ta'aziyya, yana nan da ransa;
hannunsa ne ya fara rawa,
ya ce ruwa ba ya son mai rawar hannu.

Ranar da ya miƙo mini filafili
ko sunan kifi bai kama ba.
Ya tsuguna gaban batirin kamar mai duba jinjiri:
"Ja da ja, baƙi da baƙi.
Kar ya kwana a jiƙe, sa masa katako.
In kansa ya yi furfura,
wannan farin garin mai cin ƙarfe,
jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, ka goge, ka shafa giris.
Ba ya shan ruwan rijiya;
tarar masa na sama a roba, kar ya taɓa kwano.
Gida shida ne a cikinsa,
ka leƙa kowanne duk Juma'a, yadda ake zumunci.
Kuma kar ka tatse shi ƙarƙaf.
Ko saniya ana rage wa ɗanta."

Na ce to.
To ba ta da nauyi a bakin saurayi.

Kwana uku hadari ya zaune wa rana,
sola tana kallon sama da yunwa,
ni kuwa na shimfiɗa buhu a gindin marke,
wayoyin samari goma sha ɗaya suna tsotso,
hamsin-hamsin,
aljihuna yana ƙiba, batir yana ramewa.

Bayan isha'i na tura jirgi.
Ina tsakiyar ruwa, rabin raga a hannu,
ƙwan fitila ya yi ja kamar tofin goro,
ya lumshe,
ya tafi.
Ɗan famfon da ke zuƙe yoyo ya yi tari sau biyu, ya bi shi.
Na goga waya da waya, ko ƙyas.
Ruwa ya taɓa idon sawuna, a hankali,
kamar mai bin bashi da ya san ba inda za ni.
Na yi ta kwarfa da gwangwanin madara.
Gabas ta ɓace. Kwaɗi ta ko'ina,
kowanne yana rantsuwa wajensa ne gaɓa.

Can sai ga wani ɗigon haske, ƙasa-ƙasa,
bai fi ƙwayar gero ba.
Tauraro ba ya rawa haka.
Makesu ba ya tsayawa wuri guda.
Tocila ce a hannun da ya kasa riƙe ta daidai,
da wannan karkarwar na gane gida.

Da safe na ɗaure batirin a bayan babur
zuwa Daura, shagon Iro mai caji, bayan tasha.
Ya kwance murafai, ya zura gilashinsa gida-gida,
a na huɗu ya daɗe.
"Wannan ya tafi. Biyar ɗin za su ɗauke shi zuwa kaka,
in ka ji tausayinsu."
Na tambayi kuɗin sabo.
Ya faɗa. Na lissafa da karfasa, lissafi ya ƙi ƙarewa.

Na dawo na tarar da Kawu a kan turmi,
ƙafafunsa da busasshen taɓo har ƙwauri.
Na tsaya ina jiran faɗa.
Ya dubi batirin, bai dube ni ba.
Ya ce, "Ka sayo kanwa?"