Baduku a Zauren Karatu

Bayan isha'i, zauren Malam Ukashatu a Kwarbai.
An ɗauke wuta, an jingina tocila da bango.
Na zo a makare, warin jima bai bar hannuna ba,
sai na raɓe bakin ƙofa, inda ake tara takalma.

Malam ya buɗe babin wata fita,
tun addini yana ɗanye a Madina.
Labari ya iso cewa wata ƙabila, can ƙuryar hamada,
tana wasa mashi, tana kiran dangi.
Aka ce a tashi. Aka tashi.

Mutum shida, raƙumi ɗaya, in ji Malam,
wannan ya hau, wancan ya sauka.
Dutse ya cinye tafin sawu,
farce ya zube kamar ɓawon gyaɗa,
har suka yagi tsumma suka naɗe ƙafa.

Ɗalibai suka kama gardamar shekara,
ta huɗu ce ko ta bakwai.
Ni dai a ƙafar na tsaya.
Shekara talatin ina auna sawun mutane a kasuwar birni,
na san kaushi, na san faso,
na san yadda jini ke kama ƙyalle cikin dare,
da safe a ɓamɓare, namiji ya ciji leɓe.

Da ina cikin ayarin nan,
ba takobi zan nema ba, ban iya shi ba.
Kirgi zan shimfiɗa, in zaro basilla,
in ɗinka fade shida kafin alfijir ya keto.

Da suka isa, in ji Malam, ba a gwabza ba.
Mutanen sun watse, sun haye kan duwatsu.
Aka yi salla rabi da rabi,
wasu na sujada, wasu na gadi.

Sai zuciyata ta bi masu hawan dutsen,
tsohuwa da salkar ruwa, yaro yana jan akuya.
Na taɓa hawa Kufena da rana tsaka,
na san abin da dutse ke yi wa diddige.
Su ma ƙafa gare su.
Na so in tambaya, harshena ya yi nauyi.

Aka shafa fatiha, kowa na lalube cikin duhu.
Maɗaurin takalmin Malam ya tsinke tun bara,
da zaren buhu ya ɗaure shi, bai gaya wa kowa ba.
Na sa shi a aljihu, na ajiye masa nawa.

Na fito ba takalmi, na ce bari in ɗanɗana.
Tsakuwar lungu ta gaishe ni,
ƙaya ta ce ga ta nan.
Daga Kwarbai zuwa ƙofar gidana, tafiyar shan ruwa,
sau uku ina tsayawa in ɗaga ƙafa.

Hansatu ta haska ni, ta ce, ina takalminka?
Na ce, miƙo mini basilla.