Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

Aikina a benen nan na Jekadafari,
sama da shagon mai ɗinkin labule,
shi ne karanta abin da maƙeran manhaja suka rubuta
game da kayan da suka ƙera,
in ce ya isa, ko da saura.

Ba don mutum nake awon ba.
Mutum in ya rikice sai ya ɗaga waya.
Don ɗan aike na na'ura ne,
wanda ba shi da kawu a ofis,
ba ya tare kowa a ƙofar masallaci bayan la'asar
ya ce, "Wai nan me kake nufi?"
Abin da ke rubuce shi ne garinsu,
inda tawada ta ƙare, nan duniya ta ƙare.

Yau Talata, manhajar Bappayo ce a gabana,
ta sayen kaya a Tudun Hatsi.
Ya rubuta: "Adadi. Saka lamba."
Ya ɗiga aya, ya tafi cin tuwo.
Na saki ɗan aiken, na ce mudu arba'in na wake.
Ya karanta, ya saka arba'in,
ya dawo mini da rasit na buhu arba'in,
ko a jikinsa,
har da sanarwar cewa aiki ya kammala.
Allah ya so kuɗin gwaji ne, ba gumin kowa ba.

A gurbin kwanan wata kuma, uku da huɗu.
Uku ga watan huɗu, ko huɗu ga watan uku?
Shiru.
In abu ya lalace, amsa ɗaya ce tak: "An samu matsala."
Ai ko mai ciwon ciki yakan nuna gefen.

Kakata a Kumo haka take kwatance:
"In ka kai tsamiya, ka karya dama."
Tsamiyar nan an sare ta tun shekarar da aka zuba kwalta,
amma duk muna isa gidan,
muna karya kwana a inuwar da babu.
Shafi na tara na Bappayo tsamiyar kakata ce,
yana nuna ƙofar da aka toshe tun bara.
Ɗan aiken ya ƙwanƙwasa sau goma sha bakwai
kafin na tausaya masa na kashe shi.

Huɗu bisa goma.

Kafin magariba sai ga kira:
"Haba, kowa ya san buhu ake nufi!"
Na ce, kowa wa?
Ya yi dariya, ni ban yi ba,
daga baya na ɗan yi.

Akwai wata Rifkatu a Billiri, ban taɓa ganinta ba.
Shafi biyu kacal ta rubuta wa tata manhajar.
Ta faɗi ma'auni, ta kawo misali ɗaya da ke aiki da gaske,
ta ce in kaza ya faru, jira daƙiƙa talatin,
in ya sake, kar ka maimaita, za a cire kuɗi sau biyu.
Ɗan aiken ya bi ta kamar ruwa a lambatu.
Na ba ta tara.
Ɗayan na riƙe, ban san dalili ba, ƙila hassada.

Na hau Keke Napep zuwa Pantami, wuta ta ɗauke.
Da fitilar waya na ga takardar
da na manna wa ƙanina Yerima a jikin firij da asuba:
"Maganin Inna, biyu da safe."
Kwali uku ne a kan firij ɗin.
Fari, fari, da wani mai ratsin ja.

Inna tana barci, numfashinta daidai.
Yerima ya ce ai ya gane, shi ya saba.
Na tsaya da jakata a kafaɗa
ina laluben biro a cikin duhu.