Tudun da Waya ke Kamawa

A duk faɗin filin nan namu na Arkangai
wuri ɗaya tak waya ke kamawa:
kan tudun can, gefen tarin duwatsu
inda matafiya ke ɗaura shuɗin ƙyalle.
Taku uku hagu, sai ka ji duniya.
Taku ɗaya dama, shiru.

Ni Dolgor, shekara sittin da bakwai,
kullum in na gama tatsa sai in ɗaura sirdi.
Wayar na cikin safa, safar na cikin ƙirji,
don sanyin nan namu zuƙe batir yake yi
kamar maraƙin da ya kwana bai ga uwa ba.

A da Lubsan ke karanta mana sama.
Ya lashi yatsa, ya ɗaga,
ya dubi inda tumaki suka ba wa baya,
ya ce gobe ƙanƙara.
Ran da ɗanmu ya aiko da ita daga Koriya
sai ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye:
abin da ba ya numfashi, me ya sani game da iska?

Sai ga sanyin bara waccan.
Saƙo ya shigo, layi biyu kacal,
muka kora garke bayan dutse kafin duhu.
Maƙwabcinmu Gombo bai hau tudu ba ran nan.
Awaki tamanin ya tono da safe,
wasunsu a tsaye suka sandare.
Lubsan bai ce uffan ba,
amma tun daga nan shi ke goge farantin sola
da hannun rigarsa, tun rana ba ta fito ba.

Yanzu dillalin gashin awaki ya daina yi mini daɗin baki;
kafin ya kashe mota na san kuɗin Ulan Bato.
Jikata Sarnai kan leƙo ni ta gilashin da bai kai tafin hannu ba,
ga giɓi biyu a gaba,
ta ce, Kaka, nuna mini doki.
In juya mata fuskar tsohon akawal,
hucinsa ya lulluɓe ta da tururi,
ta yi ta ƙyalƙyala, muryar na tsinkewa tana ƙulluwa
kamar tsohon zare.
Ban taɓa jin nauyinta a cinyata ba.
Na dai san launin labulen ɗakinsu.

Lubsan ya tafi kafin ciyawa ta tsiro.
Bai bar wasiyya ba, dama shi ba mai magana ba ne.
Daƙiƙa goma sha ɗaya ya bari,
ran da babban yatsansa ya danne wani wuri bai sani ba:
iska, tari, ƙarar linzami,
sannan, Dolgor, abin nan na ji na kuwa?
To, ɗora shayi, ga ni nan tafe.

Jiya wayar ta ce cikinta ya cika, in rage mata kaya.
Na zauna kan dutse har yatsuna suka mutu.
Na share hotunan sukuwar bara,
na share saƙon banki, da na likitan dabbobi,
da hoton ƙafata da ban san yaushe na ɗauka ba,
har da wani na Sarnai wanda ta motsa a ciki.
Da na iso kan nasa sai na taɓa, don in tabbatar.

Akawal ya bar kiwo.
Ya miƙe kunnuwa, ya juya wuya,
ya ƙura wa hanyar kwari ido,
ya daɗe.

Shi wannan saƙon ba ya bukatar tudu,
ko cikin bargo magana yake yi.
Na mai da ita safa, muka gangaro a hankali.
Na hura wuta, na ɗora,
na zuba madara, na barbaɗa gishiri yadda yake so.
Ni a bakina ya yi yawa.
Na shanye.