Mai Gadin Ɗakin Ciki

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
Wuta ta dawo, fanka ta tuna da aikinta,
na buɗe kwamfuta a kan tabarma,
ragowar wake da shinkafa na bushewa a gefe.

Ƙungiyar makanikan Suwame ce ta ba ni aikin:
kowa ya cike fom a wayarsa,
suna, sana'a, imel,
da adireshin shafinsa in yana da shi.

Akwai wani yaro a bakin ƙofa,
ɗan rubutun da ke zaune cikin wayar mai cikewa.
Yana da ladabi, yakan ja jan layi in an yi kuskure,
sai dai a gidan wani yake kwana.
Mai waya ya ce masa matsa, zai matsa.
Don haka na ajiye babban mai gadi can ciki, a saba,
inda hannun baƙo ba ya kaiwa.

Ni na koya masa tambaya.
Ina a mai rawani? Ɗaya tak nake so.
Wa ke gabanta, wa ke bayanta,
ɗigon ya zauna inda ya dace?
In yatsa ya bar fili a ƙarshe, share shi kawai,
yatsan da ya wuni cikin baƙin mai ba ya da laifi.
Wanda ya kawo adireshin shafi kuwa,
fara duba kansa kafin ƙafarsa,
ka zazzage shi yadda ake zazzage takalmi da safe
saboda kunama.

Jiya kaɗai ya kori ɗari uku,
babu ɗan Adam ko ɗaya cikinsu,
masu tallan caca ne da bashin da ba a roƙa ba.
Na kwanta ina jin kaina.

Bayan asuba waya ta yi ƙara.
Baba Sha'aban ne, mai gyaran birki,
shekara arba'in a ƙarƙashin manyan motoci.
Ya ce, Lantana, na'urarki ta ce wai ni ba daidai ba ne.
Sau bakwai na gwada.

Na duba.
Imel ɗin da kamfanin taya ya buɗe masa ne,
sunansa a cike, har da ƴar alamar nan
da ke rataye tsakanin a da a,
numfashin da liman ya tsayar ranar suna
kafin a yanka rago.
Ban sa ta cikin waɗanda na yarda su shiga ba.
Na ɗauka wuƙa ce.

Ni fa, da na tashi a gidan da ba lamba.
Bayan masallaci, lungu na biyu,
inda ake sayar da koko, a tambayi Hajiya Adiza.
Haka kawuna ke rubutawa daga Abijan,
kuma wasiƙa ba ta taɓa ɓata ba.

Na buɗe layin, na yi wa alamar wuri,
na sa a riƙe ta da kyau kafin a kai ta rumbu
don kada wani ya ari rigarta.
Sai na zauna shiru, shayi na hucewa.
Adireshi zai iya cika kowace ƙa'ida
alhali ba kowa a gidan.
Mai gadina tufa kawai yake gani.

Na ƙara abu ɗaya.
Duk wanda ya wuce, a aika masa sallama,
a jira.

Ƙarfe bakwai saura kwata
layi ya fito a allo: an amsa.
Waya ta sake ƙara, guduma na tashi a bayansa.
Ya ce, to na shiga.
Ki gaya wa yayanki ya kawo tasin nan,
tun daga titi nake jin birkinta na kuka.