Barsu a Bakin Ƙofa

Hawan ido ya cinye mini rana,
shekara bakwai ke nan.
Hannuna dai bai makance ba:
har yau rediyoyin Bagalam
a kan teburina muryarsu ke dawowa.

Da, Tsahara ce idona.
Shekararta tara, kan sanda a hannunta,
ni a baya kamar amalanke.
Ƙawayenta na wucewa lakwal,
ina jin takalmansu, ina jin shirunta.
Shirun nan ya fi duhun nauyi.

Sai Barsu ya zo.
Kare ne, i, kare.
Wata goma ƙanena Illa na horonsa,
da ƙashi, da tsawa, da haƙuri.
Ya san kwalbati.
Ya san ramin da ruwan Agusta ya haƙa a hanyar tasha.
Ya san kabu-kabu ba ya jiran kowa.
In ya tsaya, na tsaya.
Tsahara ta koma aji.

Ran Talata muka je ofishin magajin gari
neman takardar haihuwarta, jarrabawa ta matso.
Mai gadi ya ce, Malam, kai shiga,
wannan ya tsaya waje.

Na ce, kana sa tabarau?
Ya ce, ina sawa in zan yi karatu.
Na ce, ajiye shi nan bakin ƙofa,
ka shiga ka karanta.

Ya ce, ai ƙazanta ce.
Na ce, ni ma na zauna gaban malamai,
na san ƙwaryar da ya lasa wanki bakwai take.
Ran Juma'a gindin dogon yaro nake ɗaure shi,
ba wanda ya taɓa roƙona.
Amma nan ba sahun salla ba ne.
Nan gidan kowa ne,
fankar da ke juyawa a kanka
da harajin shagona a cikinta.

Mutane suka taru, na ji numfashinsu.
Wata baiwar Allah ta danna mini dala ashirin a tafi.
Na mayar mata.
Inna, na gode, ba bara ta kawo ni ba.
Abin da nake nema ba ya cikin lalitarki,
kuma ba kyauta ba ne.

Ƙafar Barsu ba ta motsa ba.
Shi da ake jayayya a kansa
ya fi mu duka natsuwa.

Can wata murya daga ciki,
mace, mai saurin magana:
Dan Jimma, bar su su shigo.
Kare ya ji sunansa, ya miƙe.

Ya kwanta ƙarƙashin benci, haɓa a kan takalmina.
Bai yi haushi ba, bai lashi kowa ba.
Abin da ya cije ni ranar
kuɗin tambur ne.

Muka fito da takarda a aljihu.
Mai gadi ya yi gyaran murya:
wai shekararsa nawa?
Na ce uku.
Ya ce, uhm. Babana ma ba ya gani.

Gobe kantin magani za mu.
Can ma akwai ƙofa,
can ma akwai mai gadi,
zan sake faro bayani daga tabarau.
Tsahara na tilawar lissafi a zaure.
Barsu, zo ka sha ruwa.