Kofin Inna Barmani

Zinatu ta dawo daga aiki da sikeli,
ɗan fari, mai ido ɗaya, mai cin batir.
Ta ajiye shi kan tabarma ta ce,
"Umma, mai gidan burodi ba ya jin yaren kofi.
Giram yake so, kuma a rubuce."

Zancen kunun mishmish ne,
wanda Inna Barmani ta koya a Abeshe
wurin wata Balarabiya, katanga ɗaya tsakaninsu,
ta taho da shi Injamena a ka,
ba takarda, ba tawada.
Kofi uku na yankakke, in ji ta,
gyaɗa kofi biyu,
sukari kuwa gwargwadon lafiyar mai sha.

Kofin yana nan.
Na langa ne, shuɗi, bakinsa a ɓantare,
mariƙinsa ya tafi tun shekarar
da kogin Shari ya shigo mana har madafi.

Na aiki yaro kasuwar Dembe
wurin Annur mai kayan Libiya,
ya kawo busasshe a ƙunshin takarda,
launinsa na rana in ta sunkuya bayan Kusiri.
Na yanka. Wuƙa tana liƙewa,
yatsuna sun yi danƙo.

Ta ɗora kofin wayam, ta taɓa maɓalli,
idon ya koma sifili.
"Na cire nauyinsa," in ji ta.
Na ce a raina, kofin da ya ƙarar da hannu uku,
taɓi ɗaya ya ishe shi?

Na zuba a sake. Ɗari da talatin.
Ta buɗe biro.
Na ce tsaya, ba haka Inna take yi ba,
takan sa babban yatsa ta danna
kamar mai gwada ƙurjin yaro,
ta ƙara, ta sake dannawa.
Ɗari da hamsin da biyar.

Ta soke na farko.
Na ce ai da azumi ƙanana take yankawa,
don haƙorin Malam ya yi rauni,
ƙanana kuwa sun fi zama,
ba sa barin gurbi wa iska.
Ɗari da sittin da wani abu.
Ga kuma wanda na jiƙa tun hantsi,
ya sha ruwa ya kumbura kamar mai fushi,
wannan ya haura ɗari biyu
bai ko waiwayo ba.

"To wanne ne gaskiya?"
Ta jefar da biro.
Takardar duk ta zama zane-zane
kamar inda kaji suka yi tono.
Na ce sikelinki bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya,
Inna ma haka.
Shi dai ba ya tambayar wa zai sha.

Muka shirya a kan danna ɗaya,
yanka tsaka-tsaki, busasshe, baki a shafe.
Ɗari da arba'in da biyar, idon ya tsaya cik.
Sau uku ke nan, ta fara lissafi da yatsu,
leɓenta yana motsi.

Sai ga Ɗanjuma, ɗanta, daga bayan randa,
ƙafa duk ƙura, majina a hanci,
ya miƙa hannu ya ɗebe biyu daga sama
ya zura da gudu.
Idon ya girgiza, ya sauko.
Ɗari da arba'in.

Ta yunƙura za ta bi shi, na riƙe zaninta.
Shekara nawa ban tuna ba:
ni ce a bakin ƙofar madafi,
Inna tana kallon wani wuri da gangan,
kuma kofi bai taɓa isa tukunya a cike ba.

Na ce, rubuta wannan.
Ta dube ni, ta dubi ƙofa,
ta lashi danƙon da ke yatsanta,
ta rubuta.