Zango a Farin Gada

Ba Jos muka nufa ba.
Albasa muka ɗauko daga Galmi, za mu Fatakwal,
sai birki ya soma kuka a kan hawa.
Abarshi direba ya ce, "Ba ni gangara dutsen nan da rayukan mutane."
Muka tsaya.

Sanyi ne ya fara gaishe ni,
sanyi mai laima, mai shiga ta wuyan riga
kamar hannun yaro yana laluben aljihun uba.
A garinmu inuwa ake nema.
Nan na ga dattijo yana jan kujerarsa, yana bin rana.

Duwatsun nan, wa ya jera su?
Babba bisa ƙarami, ba turmi, ba gammo,
kamar kayan tallar da mai shi ya sauke, ya ce yanzu zai dawo.
Na wuce gindin ɗaya da sauri.
Akuya na kwance a wurin tana tuƙa, ko a jikinta.

Kasuwa duk kore.
Kabeji kamar kan jarirai, karas, latas,
dankalin Turawa da jar ƙasa a jikinsa,
da wani jan ɗan itace mai ƙuraje
wanda na tambayi sunansa sau biyu,
sau biyu ya sulluɓe mini daga harshe.

Ngo Kaneng ta zuba mini gwaten acca, yana tururi.
Na ce a ƙara mini ɗan "hwarin" gishiri,
ta riƙe ludayi tana dariya.
"Baƙo, Hausarka ta sha rana."
Na ce, "Taki kuma ta sha ruwa."
Na miƙa mata sefa bisa kuskure.
Ta juya takardar, ta duba gaba da baya,
ta soke ta a bakin zani, ta ce ta ajiye wa jika.

Bayan rumfarta akwai gida ba rufi,
bangon ya yi baƙi har sama,
kabewa ta shiga ta taga ta fito ta ƙofa.
Ba wanda ya ce mini komai.
Ni ma ban tambaya ba.
Baƙo ido gare shi, bakinsa yana gida.

Ladan ya kira la'asar,
kafin ya sauke, ƙararrawar coci ta ɗauka daga tsallaken gada,
mai nama bai fasa fifita gawayinsa ba.

Sai sama ta rufe ba sallama.
Ƙanƙara! Tana dukan kwano kamar ana watsa tsakuwa.
Muka ruga muna jan tampol kan buhuna.
Na tsinci guda, na dunƙule a hannu,
wai in kai wa Kuluwa ta gani.
Shekara arba'in da shida gare ni.

Dalyop bakanike, ƙafafunsa kawai na sani.
Awa huɗu suna leƙe daga ƙarƙashin mota.
Da ya fito, ashe yaro ne.
Ya goge hannu a wando, ya ce, "A bi gangaren nan a hankali."

Fitilu sun soma kamawa a jikin duwatsu da muka tashi.
Abarshi ya ce, "To, yaya ka ga garin?"
Na buɗe hannuna.
Jiƙe yake, har yanzu da sanyinsa.